Gadar da Ta Ƙi Faɗuwa

A aji uku na sashen injiniyan gine-gine akwai wani kwas da ɗalibai ke tsoro kamar ciwon haƙori. Lissafinsa ba sauƙi, amma ba shi ne abin tsoron ba. Abin tsoron yana can ƙarshen zango, ranar da ake karya gada.

Ga yadda abin yake. Ana haɗa ɗalibai bibbiyu, a ba su ɗaurin siraran katako da kwalbar gam, su haɗa 'yar gada wadda tsawonta bai wuce hannun mutum ba. Ranar gwaji sai a ɗora ta tsakanin tebura biyu, a rataya mata bokiti a tsakiya, a yi ta zuba yashi har ta karye. To amma ba mai gada mafi ƙarfi ke cin maki ba. Kafin a zuba ko cikin cokali, masu gadar za su ɗauki alli su ja layi a cikin bokitin, su ce idan yashi ya kawo nan, tamu ta karye. In ta karye a kan layin ko dab da shi, kun haye. In ta karye nesa da shi, ko sama ko ƙasa, kun faɗi, ku da gadar gaba ɗaya.

Malamin kwas ɗin wani ƙaton mutum ne mai tumbi da 'yar ƙaramar murya. In ana zuba yashi kalma ɗaya ce a bakinsa, "Ƙaro," yana nuni da haɓa, shi ya sa duk jami'ar ba wanda ya san shi da wani suna sai Dakta Ƙaro. Yakan ce shi bai damu da gadar da ta tsaya ba, ai gara ma tana gini ya tsaya. Shi dai so yake ya ga ko ka san inda abinka zai gaza.

Akwai wani ɗalibi da ake ce wa Bokiti, kuma a kwas ɗin nan ya samo sunan. Bara ya yi shi. Shi da abokinsa sai da safiyar gwaji suka gama liƙa gadarsu, gam ko bushewa bai yi ba, amma ya zo ya ja layinsa can sama kusa da bakin bokiti, yana murmushi. Mai kula da ɗakin gwaji ya rataya bokitin, fanko, ko ƙwayar yashi babu. Gadar ta yi wani ɗan kuka kamar ɓera, ta rabe biyu. Dakta Ƙaro ya sunkuya ya leƙa ciki, ya ce, "Ko allin ne ya yi mata nauyi?" Aji ya yi dariya har wani ya faɗo daga kan benci. Tun daga ranar, har mai shayin bakin ƙofar jami'a Bokiti yake ce masa.

Kwas ɗin kuwa sau biyu ake yarda mutum ya yi. Wanda ya faɗi na biyun, sallamarsa ake yi daga sashen, ya je ya nemi wani karatun ko ya koma gida. A gida akwai Baba, tsohon direban babbar mota, wanda ya gama gaya wa duk abokan hirarsa cewa ɗansa gada yake koyon ginawa. In ya kira waya, kafin ma ya tambayi lafiya sai ya ce, "Injiniya, ya gada?" Bokiti ya ce, "Tana nan, Baba." Bai taɓa gaya masa a yanki nawa take ba.

Bana sai aka haɗa shi da wata siririyar yarinya mai tabarau, da ake kira Kalkuleta. Tun da ta shigo jami'ar ba a taɓa jin wani ya wuce ta a jarrabawa ba. Da aka ce mata da Bokiti za ta yi, sai da ta cire tabaran ta goge, ta mayar, ta sake dubansa, ko zai canza.

"Yaya Bokiti," ta ce, don ya girme ta kuma yarinyar tana da tarbiyya, "mu raba aiki. Ni lissafi, kai haɗawa. Abin da na zana shi za ka haɗa. Kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka yi tunani."

"Har tunanin?"

"Musamman shi."

Bai ji haushi ba. Shi dama ba mai jin haushi ba ne, kuma gaskiya hannunsa ya fi kansa aiki. Ya karɓi zanen ya tafi ɗaki, ya yanka katako da reza, ya jera su a kan tsohuwar jarida, ya liƙa, ya danne da littattafan da bai taɓa buɗewa ba. Wannan karon da wuri ya fara. Gadar ta bushe ƙamas, ta fito tsaf, kowane ɗan alwatika daidai da ɗan'uwansa. Ya ɗora ta a kan kabad.

A nan matsala ta fara, don daga gadonsa ana hango kan kabad ɗin. Ya kwanta hutun rana, ya ga gada. Ya tashi zai sa takalmi, ya ga gada. Kuma kullum sai ya ga kamar ta ƙara ramewa. Katakon da ke ƙasanta, wanda zai ɗauki wahalar duka, bai fi tsinken sakace ba a idonsa.

Ya tare Kalkuleta bayan lacca. "Ƙanwata, gadar nan ba ta yi siriri ba kuwa?"

"Lissafi ne ya ce ta yi siriri."

"To ko za mu ɗan ƙara mata ko layi ɗaya na katako? Saboda tsaro."

"Yaya Bokiti, me muka yi da kai?"

"Ban yi tunani ba. Gani kawai na yi."

"To ka daina ganin ma."

Abokin ɗakinsa ɗalibin lantarki ne, ana ce masa Fiyus saboda abu kaɗan ke sa ya tashi. Yana da wata ƙatuwar baƙar lema da yake ratayewa a bayan ƙofa, yana ji da ita kamar 'yarsa ta fari. Wata Asabar da rana Fiyus ya tafi kallon ƙwallo. Bokiti yana zaune a bakin gado, ya dubi gadar, ya dubi lemar. Ya sake duban gadar. Ya tashi ya buɗe lemar a tsakiyar ɗaki, ya ga ƙarafunan da ke riƙe da yadin, dogaye, sirara, masu tauri. Ya gwada ɗaya a jikin gadar. Kamar don ita aka yi.

Ya ce a ransa, ai ba ƙarfi zan ƙara mata ba. Rakiya ce kawai, ta wuce wurin bokiti fanko, daga nan kuma ta karye abinta inda yarinyar nan ta ce.

Ya zare ƙarafa biyu. Ya fafe ƙasan gadar da reza a hankali, ya kwantar da su a ciki, ya rufe da ɓawon katako, ya liƙe, ya goge da samfefa har sai da shi kansa ya kasa gane wurin. Sauran lemar ya naɗe ya kai juji a bayan gini. Aiki ne mai kyau ƙwarai. A duk zamansa na jami'a bai taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba.

Fiyus ya kwashe kwanaki yana masifa. Ya zargi 'yan ɗakin kusa, ya zargi mai shara, ya zargi wani baƙo da ya zo aron dutsen guga. "Ɓarawon nan ma wawa ne," in ji shi. "Ga caja, ga agogo, ya tsallake ya ɗauki lema!"

"Allah ya mayar maka da alheri," in ji Bokiti, yana kallon silin.

Ana gobe gwaji ya kai wa Kalkuleta gadar ta duba. Ta juya ta, ta auna nan, ta auna can, har ta ɗan saki fuska. Sai ta ɗaga ta a tafin hannu, ta tsaya.

"Ta yi nauyi."

"Gam ne."

"Wane irin gam?"

"Ƙanwata, gam ɗin bana haka yake. Ba irin na bara ba ne."

Ta daɗe tana kallonsa ta saman tabarau. Shi kuma ya tsaya da fuskarsa ta mutumin kirki, wadda dama ita kaɗai yake da ita. Ta ajiye gadar ta ce Allah ya kai mu.

Ɗakin gwaji dogon ɗaki ne mai warin siminti. Injin matse kankare yana can lungu an rufe shi da leda, fankar sama tana juyawa kamar dole aka yi mata. Ranar karya gada ba 'yan aji kaɗai ke zuwa ba. 'Yan lantarki, 'yan kanikanci, har masu karatun kwamfuta, duk suna cika tagogi, don kallo ne na kyauta. Fiyus ma yana ciki, ya samu taga ta gaba.

Aka fara. Gadar farko ta karye ɗan ƙasa da layi, masu ita suka rungume juna. Ta biyu ta wasu samari ne biyu masu surutu, sun ja layi a tsakiya, ta karye tun yashi bai rufe gindin bokiti ba. Dakta Ƙaro ya ce su je su buɗe shagon tsinken sakace, suna da hannun abin. Haka aka yi ta yi, ƙasa ta cika da guntayen katako, mai kula da ɗakin yana kwashe yashi yana mayarwa buhu.

Da aka kira su, tagogi suka ɗauka gaba ɗaya: "Bo-ki-ti! Bo-ki-ti!"

Bokiti ya ɗora gadar tsakanin teburan. Kalkuleta ta karɓi alli, ta auna da rula, ta ja layinta ɗan sama da rabi, siriri, miƙaƙƙe. Mai kula da ɗakin ya ɗauki bokitin ya rataya shi a hankali kamar mai kwantar da jariri, ya ja da baya da sauri. Gadar ko motsi. Ɗaki ya ɓarke da tafi. Wani daga taga ya ce, "Ci gaba ya samu! A ba shi digirinsa ya tafi!"

"Ƙaro," in ji Dakta.

Aka fara zubawa da gwangwani. Yashi yana hawa, Bokiti yana jin zuciyarsa tana sauka wurinta. Ya wuce abin kunyar bara. Yanzu saura ta karye.

"Ƙaro."

Yashi ya kusa layi. Kalkuleta ta haɗe hannuwa a ƙirji.

"Ƙaro."

Yashin yana taɓa allin, sai ji aka yi ƙas! Katakon ƙasa ya tsage, 'yan alwatika biyu suka yi tsalle, ɗaya ya faɗa cikin aljihun mai zuba yashi. A kan layi, cif. Kalkuleta ta rufe ido tana murmushi, tana jiran ƙarar faɗuwar bokiti.

Shiru.

Ta buɗe ido. Bokitin yana nan rataye, yana ɗan lilo abinsa. Gadar ta karye, kowa ya ji, kowa ya gani, amma ta ƙi faɗuwa.

Dakta Ƙaro ya karkata kai. Sannan a hankali ya ce, "Ƙaro."

Bokiti, wanda ya shekara yana roƙon Allah kada gadarsa ta faɗi, ya koma roƙon ta faɗi. Ya yi tari mai ƙarfi kusa da ita. Ya ɗan jingina da tebur kamar ya gaji. Ina! Yashi ya haye layi ya binne shi, ya ci gaba, har bokiti ya cika ya yi tozo. Gadar ta lanƙwashe ta yi ciki kamar igiyar shanya. Sai ɓawon da ya liƙa ya fara ɗagowa, ya ɓare ya faɗi, ga baƙin ƙarfe guda biyu suna ƙyalli.

Daga taga aka ji wata murya ta tsage ɗakin. "Kai! Kai! Wallahi lemata ce! Ga ma jan zaren da na ɗaure ta da shi! Bokiti, ashe kai ne? Kai da ka yi mini addu'a?"

Sai da mutum biyu suka riƙe Fiyus, don ta tagar yake neman shigowa. Dariyar da aka yi ranar ta fi ta bara. Mai kula da ɗakin ya zauna a kan buhun yashi yana share hawaye.

Dakta bai yi dariya ba. Ya sunkuya da ƙyar, ya taɓa ƙarfen da biro.

"Wa ya haɗa?"

"Ni ne, Dakta."

"Ke kin sani?"

Da ƙyar Kalkuleta ta ce, "Na ce masa kada ya yi tunani, Dakta."

"Ai kuwa bai yi ba." Ya miƙe yana nishi. "Katako ya karye a kan layi, na ji da kunnena. Ke kin gama, je ki zauna." Ya juyo. "Kai kuma, malam mai lema. Da ka bar yarinyar nan da lissafinta, da yanzu kana waje ana ɗaga ka sama. Ka sani?"

"Na sani, Dakta."

"Dokata ita ce gada sai ta faɗi a ba da maki. Taka ba ta faɗi ba. Wannan ta ƙarfen taka ce kai kaɗai, ba ruwan kowa." Ya sa aka kawo wani bokitin fanko aka rataya a ƙugiyar tsakiyar gadar, gefen na farko. Ya miƙa masa alli. "Ja layi."

"Dakta, ban yi lissafin ƙarfe ba."

"Na sani. Ga allo can. Zan sha shayina. In na ga gindin kofi, ko ka ja layi ko ka ja akwatinka."

Bokiti ya je gaban allo. Ya rubuta wani abu da ya tuna daga lacca, ya kai rabi, ragowar ta gudu. Ya goge da hannun riga. Ya rubuta wani, shi ma ya tsaya a hanya. Bayansa ana ta ba shi shawara daga tagogi, wani ya ce ya rubuta wasiyya, wani ya ce ya nemi ruwan sama. Ya waiwaya ya ga Kalkuleta ta juya masa ƙeya. Ya ji Dakta yana kurɓar shayi, kurɓa mai ƙara.

Sai ya bar allon ya dawo ya tsuguna gaban gadar, don bai san inda zai sa kansa ba. Yana nan tsugune idonsa ya kai bakin tebur. Teburin duk ƙurar siminti ne, kuma a cikin ƙurar akwai wasu 'yan layuka biyu, kamar sawun ƙadangare. Kan ƙarafunan ne suka ja su. Ashe duk lokacin da tsakiyar ta lanƙwashe, kawunan suna janyewa zuwa bakin tebur. Ya tuna da ya riƙe ƙarfen nan a hannu ya lanƙwasa shi har kusan ya haɗe, bai karye ba. Ya ɗora yatsa ya auna tafiyar da kan ya riga ya yi tun daga layin Kalkuleta zuwa cikar bokiti. Ya auna abin da ya rage kafin baki. Ragowar ba ta kai rabin wancan ba. Ya tsaya yana motsa baki, yana raba wannan da wancan a yatsunsa.

Kofi ya sauka a kan tebur, ƙwas.

Bokiti ya sa hannu cikin bokitin fanko ya ja layi can ƙasa, ɗan sama da gindi. Layin ma a karkace.

Tagogi suka yi ihu. "Ƙarfe ne fa, ɗan'uwa! Ka raina lemar mutane!"

"Ba karyewa za ta yi ba, Dakta," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Zamewa za ta yi daga kan tebur."

Dakta ya dube shi, karo na farko ba ta gefen ido ba. "Ta wane gefen?"

Bokiti ya dubi nan, ya dubi can. "Ta gefen taga."

"Madalla." Dakta ya taka ya koma gefen ƙofa ya tsaya, ya goya hannu a baya. "Ƙaro."

Gwangwani ya zuba. Ƙarfe ya yi ƙiiii. Yashi ya rufe gindi.

"Ƙaro."

Yashi ya taɓa ƙasan karkataccen layin. Ba abin da ya faru.

"Ƙaro."

Ya rufe layin. Ya haye shi da kamar kaurin yatsa. Wani ya fara cewa "Sai wata rana, Bo—" sai ƙarfen ya yi tsalle. Ta gefen ƙofa. Bokitai biyu suka faɗi tim, suka kife, yashi ya malale ya binne takalman Dakta Ƙaro har idon sawu.

Fankar sama kaɗai ake ji.

Dakta ya dubi ƙafafunsa. Ya zaro ɗaya, ya cire takalmin, ya zazzage, ya mayar. Ya yi wa ɗayan haka. Bai yi sauri ba ko kaɗan.

"Layi, ka yi kusa," in ji shi. "Yadda za ta faɗi, ka gane. Gefe, ka yi ƙarya. Lema, ka yi sata." Ya ɗauki biro. "Akwai makin da ya fi kowane maki ƙanƙanta wanda ba faɗuwa ba. Tun da na fara koyarwa ban taɓa ba kowa shi ba, ina tausayi. Kai na ba ka."

"Na haye ke nan, Dakta?"

"Ka haye. Irin hayewar da ba a ba da labarinta. Kuma duk ranar da aka yi kuskure aka ba ka aikin gada ta gaske, ka aiko a gaya mini, in bi ta ruwa."

Bokiti ya zauna daɓas a cikin yashin, yana dariya ba sauti, idonsa ya kawo ruwa. Yana nan zaune sai ya ga tsintsiya a gaban hancinsa. Kalkuleta ce, fuskar nan a ɗaure tamau.

"Tashi, Yaya Bokiti. Akwai masu jiran tebur."

"Ƙanwata, ki yi haƙuri. Wallahi lissafinki..."

"Na san lissafina," ta ce. "Share."

Ya karɓa ya fara shara, daga wajen ƙafar Dakta.